Juma'ar da Baba Bai Kai Ba

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, babba da yaro. Baba ya riga mu ranar Laraba da safe, a ɗakinsa da ke unguwar Kurayyat a Jidda, yana jingine da bango bayan ya idar da salla. Shayin da ya zuba wa kansa ko hucewa bai yi ba. Ba jinya, ba sallama. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Kafin magariba samarin unguwa sun tare bakin layinmu, sun jera kujeru sahu-sahu, sun ja fitilu daga wannan bango zuwa wancan, yadda ake yi a Jidda in an yi rashi. Aza ake ce wa wannan zaman. Mu mata muna sama, ni kuma na maƙale a jikin taga ina leƙen masu zuwa. Tsofaffin da suka yi dakon kaya tare da shi a sito-siton Khumra sun zo, wani da sanda, wani jika na riƙe da shi. Wani tsoho ɗan Yaman ya dafa kafaɗar Yayana, ya buɗe baki zai yi gaisuwa, sai kawai ya ɗaga hannu ya lanƙwasa yatsu biyu, irin yadda na Baba suka karkace, ya fashe da kuka. Can sai ga samari 'yan ƙwallo, ƙungiya guda, wasu ko Hausa ba sa ji, kowa na cewa Sidi ya tafi, Sidi ya tafi. Sidi dai kaka ke nan a bakin mutanen nan. Jikokin Baba na jini ba su da yawa, amma ranar kujeru sai da aka ƙaro daga layin baya.

Gwaggo, ƙanwarsa, ita ba ta yi kuka ba. Faɗa ta yi. Tana zaune a tsakiyar mata da carbi a hannu, tana ta jijjiga kai.

"Kun ga halinsa ko? Tun muna yara haka yake. Ya ce maka jira, ka yi ta jira, shi kuma ya bi ta wata ƙofa. Yanzu fisabilillahi wa ya bar wa wannan magana?"

Mata suka ce, "Haƙuri, Hajiya, azzamallahu ajraki." Amma duk wadda ta matso ta rungume ni, in ta gama addu'a sai ta rage murya ta ce, "Ya samu ya yi maganar kuwa?" Bai yi ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Ba na so a manta da Baba, ba na kuma so a liƙa masa maganar da bai faɗa ba.

Maganar ta ɗana ce. Ɗan fari ne, sunan Baba kuma aka sa masa, don haka ta ko'ina bakina a ɗaure yake. Mu duk a Jidda aka haife mu, har Baban kansa. Kakanmu ne ya taho aikin hajji a ƙafa ta Sudan, bai koma ba. Abubuwa da yawa sun zube mana a hanya, har Hausar wasunmu ta koma rabi Larabci, amma alkunyar ɗan fari Inna ta riƙe ta gam, ta ɗora mini kafin ta rasu. Ba na kiran sunansa. Ba na zama in yi hira da shi, ban taɓa jan sa jikina ba. Ana yaye shi aka sauke shi wurin su Baba, don bene ɗaya muke, su a ƙasa mu a sama. Ƙawayena suna mini dariya, wai wannan al'ada ko a ƙasar da aka samo ta an fara ajiye ta. Na sani. Na sha gwadawa, harshen ne ba ya juyawa.

To Baba ne bakina. Sai in sauko in tarar da su biyu a kan shimfiɗa ɗaya suna kallon ƙwallo, in tsaya a bakin ƙofa in dubi bango.

"Baba, a gaya wa mutumin naka ya rage wannan gashin, ya koma kamar tsintsiya."

Baba ya juya, fuska a murtuke kamar alƙali. "Abokina, saƙo daga sama. An ce ka yi aski."

"Sidi, a ce mata ba'dal mubara. In an gama wasa."

"Ya binti, an ce bayan wasa. Ni dai ɗan aike ne, kada a dake ni."

Haka muka yi shekara ashirin, kuma wallahi ban taɓa jin na rasa komai ba. Faɗana yana isa, addu'ata tana isa. Har abin da ban faɗa ba Baba yakan ƙara ya ce ni na ce, irin su an gaishe ka da ƙoƙari, an ce ka ci abinci da kyau. Ina ji daga kan matakala, ba na musawa.

Baba mai tsaron raga ne a ƙuruciyarsa, gola, a filayen ƙasa na unguwa, ba safar hannu ba takalmi. Yatsunsa biyu na dama sun karkace har abada, in yana lazimi carbi sai ya riƙa maƙalewa. Tsofaffi sun ce wani babban kulob ya taɓa nemansa, aka je aka dawo, takarda ta hana, don shi ba ɗan ƙasa ba ne ko da yake bai san wata ƙasar ba. Bai taɓa ba mu labarin da bakinsa ba. In an tayar da zancen sai ya ce shayin nan ya yi sanyi, a ɗora wani. Ya koma dako a Khumra har bayansa ya ce ya isa. Bayan ya ajiye aiki filin unguwa ya zama ofishinsa. Yana zuwa da kular ruwan sanyi, kuma kowane ɓangare yake ba wa, abin da ke ɓata wa 'yan layinmu rai. In aka zura wa golan abokan gaba ƙwallo, kowa na tsalle, shi sai ya zagaya bayan raga ya rarrashi golan. Ya ce gola duk ɗan uwansa ne.

Abin da ƙwallo ta bar masa, ban da yatsun, shi ne jira. Ba ya yanke magana a tsaye. Ko aure ne, ko tashi daga gida, ko 'yan uwa sun saɓa, sai ya ce a kawo ta Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci duk gidan za a taru a ɗakinsa, a shimfiɗa ledar cin abinci, a ajiye faranti ɗaya, a ci a wanke hannu, sannan ya yi magana. In ya yi kuwa ta zauna. In ka matsa masa kafin ranar sai ya ce, "Ni gola ne. Ba na faɗuwa sai na ga inda ƙwallo ta nufa." Wannan magana ta sha ba ni haushi, don ni mai gaggawa ce, in abu na cina so nake a gama shi yau.

Shi ya fara ɗora wa yaron ƙwallo a ƙafa. Shi ne kuma yake riƙe hannunsa zuwa makaranta, ya tsaya a bakin ƙofa sai ya ga shigarsa, don ya san abokin nasa da zillewa. Duk ranar wasa akwai abin da ba ya fashi. Yaron zai zauna a dakalin ƙofar ɗaki ya miƙe ƙafar hagu, wadda yake bugu da ita. Baba ya durƙusa, ya kama gwiwar, ya yi ta motsa baki, ya tofa, ya ɗan mare ta ya ce, "Yalla." Tun gwiwar ba ta cika tafin hannu ɗaya ba har ta fi ƙarfin biyu. Na taɓa tambayarsa me yake karantawa, ya ce wannan tsakaninsa da abokinsa ne.

Akwai ɗan maƙwabtanmu, shi ma haifaffen nan, ya girmi nawa kaɗan. Ya bar makaranta ya bi wani kulob, har guɗa muka yi. Ba a daɗe ba jijiyar gwiwa ta tsinke. Kulob ɗin ya sallame shi, iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, da ta koma hannunsu ta ƙare, ba wani kafili da ya karɓe shi ya tsaya masa, makaranta kuma ta wuce. Aka ce sai ya tafi ƙasar da ke jikin fasfonsa, wadda bai taɓa gani ba. Mutane suka riƙa sauya hanya in sun hango uwarsa, don ba a san me za a ce mata ba. Baba kuwa kullum bayan la'asar sai ya ɗauki butar shayinsa ya shiga gidan. Hausa yake koya wa saurayin. Yadda ake gaida babba, yadda ake amsa ina gajiya, yadda ake tambayar hanya. Ina jiyowa ta taga saurayin na maimaita "Ina wuni, Baffa, mun same ku lafiya," harshe na harɗewa, Baba na gyara masa. Ya ce ba zai bari yaro ya sauka cikin danginsa kamar kurma ba. Shi ya raka shi filin jirgi, ya dawo bai taɓa abinci ba.

Nawa kuwa Allah Ya taimake mu ya shiga kwaleji, yana karatun kwamfuta, saura shekara guda ya gama. Yana kuma buga wa kwalejin ƙwallo. A gasar makarantu wani mutum ya gan shi, ya biyo shi har gida, sai ƙamshin turare da murmushi. Kulob ne na can arewa, nesa da Jidda, ba na sahun farko ba amma yana neman hawa. Suna da gurbin mawalid, wato irinmu da aka haifa a nan ba mu da takardar ƙasa, kuma wai gurbin ba ya jira. Atisaye safe da yamma, ba zancen haɗawa da aji. Sai dai ya ajiye karatun. In ya ajiye kuwa, iƙamarsa ta tashi daga hannun mahaifinsa, inda take zaune albarkacin shi ɗalibi ne, ta koma hannun kulob. Suka ce amsa kada ta wuce Asabar ta sama.

Juma'ar da aka kawo maganar gaban Baba, ni da Yaya muka kusa kifar da faranti.

"Ke ba ki san komai a ƙwallo ba," in ji Yaya. "Ƙafa tana da lokacinta. Shekara guda a wurinki ba komai ba ce, a wurinsu an yi sabbin yara. Shahadar gama karatu kuma, ga tawa can rataye a bango, ni ina tuƙa motar kaya a unguwar masana'antu."

"Taka shahadar jijiyarta ta taɓa tsinkewa?" na ce. "Ka manta ɗan maƙwabta? Ko kai za ka koya wa wannan ina wuni?"

"Kowa da rabonsa, ya ukhti."

"Shekara guda nake roƙo, Yaya. Guda ɗaya tak."

Maigidana, wanda ƙarar injin masana'anta ta koya wa shiru, ya ce duk abin da Baba ya gani. Yaron na gefe, ya daina ci, idonsa na kan Sidinsa. Baba ya wanke hannu, ya goge yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Halas, ya isa, na ji kowa. Juma'a mai zuwa zan yi magana." Ban taɓa ganin ya ɗaga magana daga Juma'a zuwa Juma'a ba sai ranar.

Ranar Talata na kasa haƙuri na sauka. Na same shi yana ɗinke wata tsohuwar ƙwallo ta yaran layi. Na ce masa shi ya sa wa yaron wannan ciwo, shi zai cire masa. Na ce ai ya gani da idonsa a gidan maƙwabta, me kuma yake jira ya gani?

"Na gani a gidan maƙwabta," ya ce, bai ɗago ba. "Na kuma gani a jikina. Wancan ya tafi ya karye. Ni ban tafi ba, ga ni nan, har yau in na ji an busa usur sai cikina ya juya. Wanne zan ba abokina, ya binti?"

"Ka ba shi wanda zai bar shi a gabana."

"To ki gaya masa."

"Baba, ka san ba zan iya ba."

Ya ajiye allurar ya dube ni sosai. "Ni ma tsoro nake ji. Wannan karon ban ga inda ta nufa ba."

Ban taɓa jin kalmar tsoro a bakinsa ba. Na tashi a fusace na haura sama, ya biyo ni da murya wai in na yi miyar kuka in aiko masa, ta kwana biyu a ransa. Na yi na aika. Washegari da safe kwanon na nan a wanke a bakin ƙofa, shi kuma ya tafi.

Tun a zaman aza maganar Baba ta rabu gida-gida. Yaya ya rantse Baba ya ce masa tun da yake bai taɓa ganin ƙafar hagu irin ta yaron nan ba. Na yarda ya faɗa. Maigidana ya ce Baba ya kira shi ya yi ta tambayarsa ko kwalejin tana karɓar wanda ya fita in ya dawo. Shi ma na yarda. Gwaggo ta ce ita ce mata ya yi ɗakin nan zai yi masa faɗi in yaron ya tafi. Tsofaffin Khumra suka ce wanda takarda ta hana ba zai hana jikansa ba. Matan layi suka ce wanda ya raka ɗan maƙwabta filin jirgi ba zai tura nasa ba. Kowa da guntunsa, kuma ban kama kowa da ƙarya ba. Ni kaɗai na ji ya ce bai sani ba, na faɗa sau ɗaya, na ga ba mai son jin wannan, ban ƙara ba.

Juma'a ta zo, ita ce ranar ƙarshe ta aza. Ba wanda ya ce a yi, amma bayan masallaci ƙafafunmu suka kai mu ɗakinsa. Aka shimfiɗa leda, aka ajiye shinkafa da hummus irin ta gidan rasuwa. Wurinsa na jikin bango, ga matashin jinginarsa da ya lotsa, ba wanda ya matsa can. Muka ci abin da muka iya, muka wanke hannu. Yaya ya ce Gwaggo ce babba. Gwaggo ta ce a rufa mata asiri, ita ba ta gaji wannan ba. Maigidana ya sunkuyar da kai.

Yaron ne ya yi magana, rabi Hausa rabi Larabci. Ya ce ya yi istihara. Ya ce in ya zauna zai gama karatun, amma zai ƙare yana kallon talabijin cikinsa na juyawa, kamar Sidi. Ashe ya lura. Ya ce yana tsoro, amma zai tafi. "Sai dai in..." ya ce, bai ƙarasa ba. Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai saba ba.

Na san abin da yake jira. Magana ce ƙarama, kada ka tafi. Tana bakina, har ɗacinta ina ji. Sai kawai na ji na juya wajen matashin jinginar Baba na ce, "Baba, a gaya masa..." Na tsaya. Ba wanda ya karɓi saƙon. Gwaggo da ta ƙi kuka tun Laraba ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuma na tattara kwanuka na fita da su, don hannuwana ne kaɗai ke aiki.

Za a ce me ya hana ni. Na tambayi kaina har na gaji. Kunya ce, i, amma ba ita kaɗai ba. Baba da ya ga duka biyun da idonsa ya ce bai sani ba, ni wace ce da zan sani? Da yana nan sai ya ɗauki nauyin, ko wanne ya zaɓa, in yi fushi da shi kwana biyu in huce. Yanzu ko wanda zan yi fushi da shi babu. Ranar Asabar Yaya ya raka yaron ya sa hannu.

Ranar tafiya, da hantsi, Yaya ya kawo mota bakin layi. Na sauko da ƙullin dambun nama, zan ba Gwaggo ta ba shi. Sai na tarar da shi zaune a dakalin ƙofar Baba, jaka a kafaɗa, ƙafar hagu a miƙe. Na zaci takalmi yake ɗaurawa. Na duba, takalman a ɗaure suke.

"Ummi," ya ce, yana kallon ƙasa. "Sidi mu maujud." Sidi ba ya nan.

Yaya ya danna hon. Na ajiye ƙullin, na durƙusa inda Baba ke durƙusawa, na kama gwiwar da hannu biyu. Ɗumi gare ta, ga wani tsohon tabo a gefe da ban san ranar da ya same shi ba. Rabon hannuna da jikin yaron nan tun yana goye. Na motsa baki, amma ban san abin da Baba ke karantawa ba, ya tafi da abinsa. Na karanta Fatiha, na karanta duk abin da ya zo bakina, na tofa. Sai na ji na kira sunan nan da suke da shi su biyu, wanda ban taɓa furtawa ba. Ɗaya ne ya amsa.

"Na'am, Ummi."

Ya jira. Na san ko a lokacin in na ce zauna zai sauke jakar. Na ɗan mari gwiwar na ce, "Yalla."

Yanzu yana can arewa. In ana wasansu Yaya yakan kawo mini wayarsa in gani. Ban san inda ƙwallo take ba, gwiwar hagu kawai nake bi da ido, in wani ya nufo shi sai in rufe fuska har Yaya ya ce ya tashi. Littattafansa suna nan a ɗakin Baba, ina kakkaɓe su. Ranar Juma'a kowa a ɗakinsa yake cin abinci. Ban sani ba ko daidai muka yi, kuma ba wanda zan tambaya.

Allah Ya gafarta maka, Baba, Ya yalwata makwancinka, Ya saka maka da ruwan da ka shayar da kowane ɓangare, da gaisuwar da ka koya wa ɗan maƙwabta, da duk saƙon da ka kai mini har da waɗanda ban aika ba. Ban riƙe ka da komai ba. Amma daga Laraba zuwa Juma'a, Baba, ai ba nisa.